Inda Na Baro Yaya Sale

Daga Haɗeja zuwa Kano

Ranar wata Talata, lokacin kaka, muka bar Haɗeja tun ba a kira assalatu ba, ni da yayana Alhaji Sale. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara bakwai, bayan rasuwar mahaifinmu, don haka Yaya nake kiransa amma uba ne. Yadi da atamfa yake sayarwa, daga Haɗeja har Gumel da Nguru. Wani kamfanin saƙa na birnin Osaka, a ƙasar Japan, wanda Yaya ya daɗe yana sarar kayansu ta hannun wakilinsu na Kano, shi ya gayyace shi ya je ya ga masaƙarsu. Shi kuwa dama yana da magana a bakinsa. Kullum cewa yake zanen da suke bugawa bai dace da matan fadama ba, launin ba ya jure wankin kogi, yana so ya gaya musu ido da ido.

Ni an ɗauke ni ne saboda ɗan Turancin da na tsinta a aikin soja, lokacin yaƙin duniya a ƙasar Bama, inda muka gwabza da sojojin Japan. Gaskiya ban so tafiyar ba. Na ce masa, "Yaya, mutanen nan fa na san su. A bakin bindiga na san su."

Ya ce, "To Habu, sai ka je ka san su a bakin kasuwa."

Matarsa, Yaya Furera, ta rako mu soro da fitila, ta miƙo mini ƙunshin dambun nama da garin ɗanwake wanda ban san inda take tsammani za mu dafa shi ba. Muka shiga lori ƙarfe biyar da kwata, cike da kwandunan bandar kifi daga Guri da Kirikasamma. Zuwa Malam Madori bai kai mil goma sha biyar ba, amma sai da muka ci awa biyu, don ruwan shekarar ya yi yawa, sau biyu muna kafewa a taɓo. Direban ya tambaye mu ko Makka za mu. Da Yaya ya ce Japan, sai ya ce, "Gaba da Makka ne ko baya?" Yaya ya dube ni, na ce gaba ne, da nisa.

Jirgin ƙasa na Nguru ya iso ƙarfe tara da rabi. Muka bi ta Gagarawa, Taura, Ringim, muka shiga Kano ana sallar magariba. Kwana shida muka yi a Fagge, gidan wani abokin cinikin Yaya, muna zirga-zirgar fasfo da allurar shawara da takardar izinin shiga ƙasa.

A sama

Ranar Litinin da hantsi jirgin sama ya tashi da mu. Yaya ya taɓa shiga sau ɗaya, shekarar da ya je Hajji, don haka shi ne ma ya nuna mini yadda ake ɗaure ɗamarar kujera. Muka yada zango a Hartum, sannan Alƙahira inda muka canja jirgi, sai Karachi, sai Kalkata. Abinci a ɗan faranti ake kawowa, Yaya ba ya taɓa naman, sai burodi da shayi da dambun Yaya Furera.

A Rangun, babban birnin Bama, jirgin ya tsaya awa ɗaya shan mai. Da aka buɗe ƙofa, iskar nan mai ɗumi da warin ruɓaɓɓen ganye ta bugo ni. A ƙasar nan, a gaɓar kogin Kaladan, na binne abokina Mamman, mutumin Auyo, da hannuna, da shebur ɗin soja. Na ƙi sauka. Yaya ya sauka shi kaɗai, ya yi alwala, ya dawo ya zauna kusa da ni, ya ɗora hannunsa a gwiwata har jirgin ya tashi.

Daga nan Hong Kong, sai Tokyo ranar Alhamis da yamma. Ma'aikatan kwastan suka buɗe ƙunshin garin ɗanwake, suka shinshina, suka kira wani babba shi ma ya shinshina, sannan suka ɗaure mana abinmu da kyau fiye da yadda muka kawo shi. Muka kwana biyu a wani masauki kusa da tashar jirgin ƙasa. Ana cire takalmi a bakin ƙofa, ana kwana a ƙasa kan tabarma. Yaya ya ce, "Ka gani ko? Ashe mutanen kirki ne, har tabarma suka sani."

Tokyo zuwa Osaka

Ranar Asabar ƙarfe tara daidai jirgin ƙasa ya tashi, ba tara da minti ɗaya ba. Tafiyar ta fi mil ɗari uku. Hagu da dama shinkafa ce, an yanke an rataye dammuna a kan gwafanni tana shan iska. Yaya ya manne da taga. Ya ce, "Dubi yadda suke tare ruwa da kunya, kowace gona kamar faranti. Da mutanen Auyo sun ga wannan!" Muka sayi shinkafa da kifi a ɗan akwatin katako, ya ci sosai, da hannu, yara biyu na kujerar gaba suna leƙensa yana yi musu dariya. Ya yi azahar a zaune. Wajen ƙarfe uku ya ɗan yi gyangyaɗi.

Wasiƙar kamfani tana aljihuna. Ta ce wani ma'aikacinsu, Mista Morita, zai jira mu a ƙofar tsakiya ta babbar tashar Osaka.

Tashar Osaka

Ƙarfe huɗu da rabi muka sauka. Ya kamata in bayyana wa mutanen gida yadda tashar nan take, don wanda Malam Madori kaɗai ya sani ba zai gane ba. Ba tasha ɗaya ba ce. Jiragen da ke zuwa garuruwa masu nisa a sama suke tsayawa, kan gada. A gefe akwai wasu tashoshin na jiragen da ke zuwa garuruwan kusa. Sannan a ƙarƙashin ƙasa, can ƙasa sosai, akwai wani jirgin da ke bin rami yana ratsa birnin, ba ya ganin rana. Duk an haɗa su da lunguna da matakalai, kuma lungunan cike suke da kantuna da fitilu, har mutum ya manta ko sama yake ko ƙasa. Mai sauka daga wannan jirgi da gudu yake zuwa ya kama wancan. Lokacin tashi daga aiki ne kuma muka faɗa ciki.

Muka miƙa tikiti a wata ƙofa, muka fita, ba Mista Morita. Na ce lalle ba ita ce ta tsakiya ba. Na ɗauki akwatuna biyu, Yaya ya rungumi jakar samfurin yadinsa, muka bi jama'a. Jama'a suka gangara da mu matakala, muka bi wani dogon lungu, muka sake gangarawa. Sai ga mu a bakin jirgin rami, yana ƙugi, iska tana fitowa daga cikin duhu. Muka juya, muka hau wata matakalar, ta fitar da mu cikin wani katafaren kanti. Muka sake sauka.

Yaya ya ce, "Habu, ga mai hula can, tambaye shi mana."

Na ga mai hular. Ma'aikacin tasha ne, da kakinsa da farar safar hannu, yana tsaye ƙiƙam kamar soja a fareti. Tsayuwar nan na santa. Na ce, "Bari Yaya, na gane hanya. Nan ne."

Ban gane komai ba. Ban dai iya zuwa gaban mai kaki na ƙasar nan in ce masa na ɓata ba. Sau uku Yaya yana cewa in tambaya, sau uku ina cewa saura kaɗan. Mun fi minti arba'in muna hawa muna sauka. Mutum ne mai jiki, ya ba sittin baya, ga babbar riga, ga jaka. A matakala ta ƙarshe na waiwaya na gan shi ya tsaya a tsakiya, ya dafa ƙarfen gefe, mutane suna ratsa shi ta ko'ina kamar ruwa ya sami kututture.

Na ajiye akwatunan na koma. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ce, "Ƙirjina ne. Samo mini inda zan zauna."

Akwai wani benci a gindin matakalar, jikin bango, kusa da mai sayar da jarida. Na zaunar da shi. Ya ce, "La'asar ta wuce mu ko?" Na ce da saura. Ya ce, "A nan ƙasa ina mutum zai san gabas?" Ya ɗan yi murmushi. Sai ya kama hannuna ya matse, ya fara kalmar shahada, ina karɓa masa. Ya yi ta sau biyu. A ta ukun ni kaɗai na ƙarasa.

Agogon da ke rataye a lungun ya nuna biyar da minti ashirin da biyar. Ban yi ihu ba. Na zauna riƙe da shi, kansa a kafaɗata, dubban ƙafafu suna wucewa ta gabanmu, lasifika tana ta magana, jirgi yana shigowa ƙarƙashinmu bencin yana rawa.

Mai hula

Wanda ya fara tsayawa shi ne mai hular nan da na ƙi tambaya, ko wani irinsa. Ya durƙusa, ya cire safar hannunsa ya taɓa wuyan Yaya. A nan na ga yatsu biyu ne kawai suka rage a hannun. Ya ɗago ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ya busa usur, wasu ma'aikata biyu suka zo da gudu, ya sa suka tsaya suka ba mu baya, suka tare mu daga idon jama'a. Ya tuɓe kwat ɗinsa zai rufa wa Yaya. Na ce a'a, na buɗe jakar samfuri na zaro wani farin yadi na rufe shi da shi.

Aka kai mu wani ɗan ofis a cikin tashar. Likita ya zo, ɗan sanda ya zo, aka yi ta rubuce-rubuce. Likitan ya ce zuciya ce. Aka kira sunan Mista Morita ta lasifika, sai ga shi cikin minti biyar, yana haki. Ashe ƙofar tsakiyar tana bayan inda muka fara fita, taku kaɗan. Da na tambaya tun farko, da ko matakala ɗaya ba mu taka ba.

Mista Morita ya yi ta sunkuyawa yana ba da haƙuri. Sannan cikin ladabi ya ce kamfani zai ɗauki nauyin komai, za a ƙone gawar jibi kamar yadda ake yi a ƙasarsu, a zuba tokar a tulu mai kyau in tafi wa iyalinsa da ita.

Na miƙe tsaye. Turancina duk ya gudu. Abin da nake iya faɗi kawai shi ne a'a, a'a, ba wuta ba, ƙasa. Ina nuna ƙasa da hannu. Mista Morita ya rikice, ya ce a birnin nan bai san inda ake binne mutum ba, ba wuri, ba a yi. Na tsaya tsakanin su da gadon da Yaya yake kai. Na rantse a raina sai dai su haɗa da ni.

Mai hular yana tsaye a bakin ƙofa duk wannan lokaci. Sai ya matso, ya dube ni, ya ce, "Musulmi?"

Na ce, "Musulmi."

Ya juya ya yi wa Mista Morita magana mai tsawo da harshensu. Kalma ɗaya na riƙe, Kobe. Mista Morita ya fassara mini: wai akwai masallaci a garin Kobe, mil ashirin daga nan, na Indiyawa da Turkawa 'yan kasuwa, kuma suna da wurin binne mutanensu a kan dutse. Mai hular ya ce ya san Musulmi ba sa ƙona gawa, ya ga yadda suke yi a wata ƙasa. Shi da kansa ya ɗauki wayar ofis ya yi ta bugawa har aka samu wani a masallacin.

Da ya ajiye wayar ya kawo mini shayi a ɗan kofi marar mariƙi. Ya zauna a kujerar da ke fuskantata. Ya nuna ni, ya ce, "Afirka. Soja?"

Na ce, "Soja."

"Bama?"

"Bama."

Ya ɗaga hannun nan mai yatsu biyu, ya ce, "Bama." Ban tambaye shi a wane kogi ba, shi ma bai tambaye ni ba. Na sha shayin.

Kobe

Washegari Lahadi ƙarfe takwas motar kamfani ta ɗauke mu daga asibitin da aka ajiye Yaya. Da na fito sai na tarar da mai hular a bakin mota, cikin kayan gida, baƙar kwat da ta yi masa yawa. Ranar hutunsa ce. Ya zauna gaba yana nuna wa direba hanya.

Awa ɗaya da kwata muka yi. Masallacin yana kan gangare, da hasumiya biyu. Limamin tsoho ne, fari sol, ya yi mini sallama da Larabci, ya rungume ni. A nan ne na yi kuka, ba a tasha ba. Ni da shi da wani Ba'indiye mai sayar da lu'ulu'u muka yi wa Yaya wanka. Likkafani kuwa daga jakarsa ya fito, farin alawayyo na kamfanin da ya zo gani. Sai da aka je ofishin hukuma aka samo takardar izini, don haka ba mu hau dutsen ba sai bayan azahar.

Maƙabartar baƙi ce, cikin itatuwa, ana hango teku daga can. Mu tara muka yi masa salla. Yaya da in ya fito kasuwar Haɗeja sai ya yi awa bai gama gaisawa ba, mutum tara. Mista Morita da mai hular suka tsaya nesa kaɗan, hannuwa a gefe. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, na kwantar da shi a kan damansa. Liman ya nuna mini alƙibla, sai na ga yamma ce. Na kwantar da shi yana duban inda rana ke faɗuwa, wajen Makka, kuma wajen gida.

Da aka fara mai da ƙasa, mai hular ya matso ya dubi liman kamar mai neman izini. Liman ya gyaɗa kai. Ya ɗebi ƙasa da hannunsa mai lafiya ya zuba. Ya gaya mini sunansa a hanyar dawowa, sau biyu, amma kaina ba ya riƙe komai a ranar. Har yau ina jin ciwon wannan.

Mista Morita ya buga waya zuwa Kano, daga can aka aika Haɗeja. Ranar Litinin na je masaƙar don cika abin da ya kawo mu. Na shimfiɗa musu samfurin, na faɗa musu maganar launi da wankin kogi yadda na sha ji daga bakinsa. Suka rubuta. Ranar Talata na koma tashar don kama jirgin Tokyo. Na roƙi Mista Morita ya gangara da ni wurin bencin. Wata mata ce zaune a kai da kwandon cefane, tana gyara wa 'yarta takalmi. Na nemi mai hular, aka ce aikin yamma yake.

Komawa gida

Hanyar da muka bi ita na biyo, da akwatuna biyu da jaka. A Rangun wannan karon na sauka, na yi alwala, na yi wa Mamman da Yaya addu'a tare. Na kwana biyu a Fagge. Jirgin Nguru ya sauke ni Malam Madori ranar Laraba ƙarfe uku, na sami lori, na shiga Haɗeja ana kiran la'asar. An riga an yi sadakar bakwai. Duk da haka kafin in kai ƙofar gida mutane sun cika titi, kowa tambayarsa ɗaya: an binne shi kuwa? An yi masa salla? Don labari ya bazu cewa a can ƙonawa ake yi. Na tsaya a soro na ce, "Ni na yi masa wanka, ni na sa shi a kabari." Na ji mutane suna sauke numfashi.

Bayan an watse na shiga wurin Yaya Furera. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na ba ta labari tun daga farko, ban rage komai ba. Na gaya mata sau uku ya ce in tambaya na ƙi. Na ce, "Yaya, ni na wahalar da shi. Girman kaina ne."

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Habu, tun farkon damina ƙirjin nan yake damunsa. Sau biyu yana faɗuwa a ɗakin nan. Ya hana ni gaya maka, ya ce in ka ji ba za ka yarda a yi tafiyar ba."

Na ce, "Ko da haka ne, matakalan nan..."

Ta ce, "Da bakinsa ya yi shahada?"

"Da bakinsa."

"Kana riƙe da shi?"

"Ina riƙe da shi."

Ta ce, "To tashi ka je ka ci abinci."

Shekaru sun wuce, ita ma ta rasu, kuma har yau ban sani ba ko faɗuwar nan biyu ta faru, ko kuwa ta faɗa ne don ta sauke mini kaya. Ban taɓa tambayar kowa a gidan ba.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa mutanen Fagge da suka sauke mu, da Mista Morita, da limamin Kobe da jama'arsa bakwai da suka bar harkokinsu suka tsaya a kan baƙon da ba su taɓa gani ba. Wanda ya karanta wannan, ya yi wa Alhaji Sale addu'a. Mai hula kuma, wanda ban riƙe sunansa ba, Allah ya san shi.